Dambu a Robar 'Yar China

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba. Da wayar Yaya Rumasa'u nake rubutawa, ba ta ma sani ba. In kun ga kuskure ku wuce kawai.

Wata rana bayan la'asar Yaya ta aike ni shagon 'yar China in sayo mata shinkafa.

Ga waɗanda ba 'yan unguwarmu ba, ɗan ƙaramin shago ne a bakin titi, kusa da mai faci. Benci ɗaya ne a ciki. Ka saya a zuba maka a roba mai murfi ka tafi gida, ko ka kira a waya mai babur ya kawo maka.

Mai shagon 'yar China ce, Madam ake ce mata. Ba ta cika fitowa ba. Sai dai ka hango ta ta taga tana juya wani baƙin kasko mai zurfi, wuta na tashi.

Abincin dai da daɗi, ba sai na ɓoye ba.

Shinkafar a warware take, da ƙwai da lawashi, ga wani ƙamshin wuta da ba ƙauri ba ne. Yaya ta sha gwadawa a gida, tata caɓewa take yi. Ta Madam kuwa har ka kai gida da zafinta.

Kajin kuwa, mahaucin layinmu ne ke yanka musu, shi ya sa Abba ya yarda muke ci.

To, ina cikin tafiya sai wata tsohuwa ta tsayar da ni.

Farin mayafi, takalmin roba, ga wani ƙulli a kanta da ta ɗaure da tsohon zani mai tsabta. Ban taɓa ganinta ba.

Ta ciro murfin roba daga cikin mayafi, ta nuna mini jan tambarin da ke jiki. Wai ko na san gidan masu irin wannan kwanon.

Na ce can ma za ni.

Ta ce Allah ya yi mini albarka, mu je.

A hanya ita kaɗai ta yi ta magana. Ni dai "to" kawai nake cewa.

Daga wani ƙauye take ta wajen Kazaure. Ɗanta ne ya ɗauko ta saboda ganin likita. Ba ta faɗi sunansa ba, "yaron nan" take ta cewa, sai na gane ɗan fari ne. Shi da matarsa duk aiki suke zuwa, sai yamma suke dawowa.

Ta ce tun da ta zo, ba a yin kwanaki mai babur bai buga ƙofa ya miƙo leda da abinci mai zafi ba. Kuma ba ta taɓa ganin an miƙa masa ko sisi ba.

Ta tambayi surukarta daga ina. Surukar ta ce daga wajen 'yar China ne, a nan bayan layi, ta ci gaba da danna waya.

Abin da ya hana tsohuwar sukuni ke nan.

Wai baƙuwa, wadda ta bar ƙasarta da danginta, ita ce ke aiko musu da abinci. Su da ya kamata su kai mata. Kuma a cinye, a jefa kwanon mutane a shara. Ba a aika an ce an gode ba, ba a leƙa an gaishe ta ba.

Ta ce a garinsu ko gidan da ake gaba da su ne suka aiko da tuwo, kwanon ba ya komawa haka nan. Ko gyaɗa ce sai an zuba.

Ta ce yanzu matar nan tana can tana cewa gidan wane ba su da tarbiyya. Kuma ba surukar za a zaga ba, ita za a zaga, ita da ta haifi mai gidan.

Shi ne ta riƙa bin kwandon shara tana tsince robobin in sun fita. Ta wanke da ruwan zafi, ta shanya, ta ɓoye a ƙarƙashin gado.

Ranar kuma ta tashi ta turara dambun masara da zogalen da ta zo da shi daga gida. Ta sa man gyaɗa, ta daka ƙuli.

Ta yaba abincin sosai. Musamman wata miyar masara da ƙwai mai kama da kunu, ta ce ita ce take shiga mata tunda haƙora sun yi saura kaɗan, kuma tana ɗumama mata ƙirji. Kazar ce dai ta ce an zuba wa sukari. Amma ba ta ga laifin 'yar Chinar ba, wai ƙila haka uwarta ta koya mata.

Na san saya ake.

Na so in faɗa mata. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, balle in gyara wa sa'ar kakata zance a titi. A haka muka isa.

A bakin ƙofar shagon ta cire takalmi.

Ta yi sallama irin ta shiga gidan mutane, ta tsaya sai da aka amsa.

Akwai 'yan mata biyu a kan benci suna jiran nasu, da wani saurayi mai hular hana-salla a tsaye. Nafi'u, wanda ke karɓar oda, yana bayan kantar shagon.

Ya tambaye ta me za a zuba mata. Ta ce ba ci ta zo yi ba, matar gidan ta zo gaisarwa.

Ta sauke ƙullin a kan kantar ta kwance. Robobi ne a jere, wani cikin wani, sun wanku har suna ƙyalli. Ta sama ce kawai mai nauyi.

Nafi'u ya leƙa ya ce, "Iya, mu fa ba ma sayen tsohuwar roba. 'Yan gwangwan suna can gaba."

'Yan matan suka fara ƙunshe dariya.

Ita ba ta gane wasa yake ba. Ta fara ba da haƙuri. Wai a faɗa wa matar gidan kar ta ga kamar raini ne, yaran zamani ne ba su san ya kamata ba, ita kuma ba ta san hanya ba sai yau. Ga kwanukanta nan, waɗanda ta samu ta tsamo. Ga kuma ɗan dambu, ba yawa.

Mai hular ne ya faɗa mata. Ba da faɗa ba, a hankali ma ya yi maganar.

"Iya, nan ai ba gida ba ne, shago ne. Ɗanki saya yake. Ta waya yake biya, shi ya sa ba kya gani."

Ta dube shi. Ta dubi benci, ta dubi hotunan abincin da aka manna a bango.

"Ashe saya ake," ta ce.



Ta jawo bakin zanin za ta mayar da ƙullin. Ɗaurin ya ƙi yi. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta kifa kai a cinyar ɗayar tana dariya. Mai hular ya ce dambun dai a bar musu kar ya sha wahalar komawa.

Ni ina jikin bango, ina kallon takalmanta a bakin ƙofa.

Hayaniyar ce ta fito da Madam. Gajeriya ce, ta ɗaure gashi, tana goge hannu da tawul. Nafi'u ya yi mata bayani da Turanci yana yi yana dariya.

Ita ba ta yi ba.

Ta zagayo ta gaban kantar. Ta sa hannu biyu ta ɗauki robar dambun, ta buɗe, ta shinshina. Ta waiga tana neman cokali.

Tsohuwar, kanta a ƙasa, ta ce ai da hannu ake ci.

Madam ta sa hannu. A tsaye, a gaban kowa. Ta ci, ta ƙara, ƙuli ya maƙale mata a gefen baki.

Sannan ta yi magana da Hausa. Ban ma san tana ji ba. A rarrabe take fitar da kalmomin.

"Mama, na daɗe a unguwar nan. Kowa kuɗi yake kawo mini. Ke ce kika fara kawo mini abinci."



Madam ta juya ta ce wa Nafi'u ya zuba miyar masara da shinkafa, manya, ya sa a leda.

Sai tsohuwar ta riƙe mata hannu.

"A'a, 'yar nan. Ba yau ba. In kika rama yau ya zama ciniki. Ki bari sai ranar da kika tuna da ni."

Madam ba ta gane duka ba. Nafi'u ya fassara mata, wannan karon ba dariya. Ta gyaɗa kai, ta tambayi gidan. Tsohuwar ta kwatanta mata, mai koren get, daura da masallaci, kuma ta zo da hantsi lokacin ita kaɗai ce.

Ta ninke zaninta ta saɓa a kafaɗa. Ta yi wa Madam addu'a doguwa, har da iyayenta na can ƙasarsu. Ta sa takalmi, Madam ta raka ta har bakin titi.

Tafiyar da ta yi ba irin ta wadda aka kunyata ba ce.

Da Madam ta dawo, mai hular ya ce a ɗan sam masa dambun, ko nawa ne zai biya.

Ta rufe robar ta rungume.

Ta ce wannan ba na sayarwa ba ne.

Ta shige ciki da abinta.

Darasi:

Abin da mai hular ya faɗa gaskiya ne, ba ƙarya ya yi ba. Amma da a nan aka tsaya, da tsohuwar nan ta koma gida da kayanta a ka, kuma ba na jin za ta sake kai wa wani komai a garin nan.

In mutum ya zo maka da alheri bisa kuskure, ka fara karɓar alherin. Kuskuren zai iya jira.

Kuma don Allah masu tsofaffi a gida, ku riƙa ajiye waya kuna yi musu bayani. Suna lura da komai, kuma kunyar da ba kwa ji su suke ji muku.

In ya taɓa ku ku tura wa wasu, musamman waɗanda suka ɗauko iyayensu daga ƙauye suka ajiye a ɗaki suna ganin ai sun... Umma na kirana, bari in