Kwanon Malam Garba

Ranar Litinin ta farko a hutun damina, shekarar da muka gudo Tsafe daga ƙauyenmu na kusa da Bilbis, Inna ta ja ni har ƙofar firamaren unguwa ta tura ni ciki. Ina da shekara goma sha biyu. Dattawan unguwa ne suka haɗa sansanin hutu saboda yara irinmu, marayu da 'yan gudun hijira, don kada zaman banza ya kai mu daji. Da hantsi muka share fili, muka ɗebo ruwa a tuƙa-tuƙa, muka cire ciyawa a 'yar gonar gyaɗa ta bayan aji. Da azahar aka zuba shinkafa da wake a manyan kwanuka, yara biyar biyar. Na tsuguna na miƙa hannu ke nan, sai huɗun nan suka ɗauki kwanon suka koma gindin katanga. Ɗaya ya waiwayo ya ce, "Ba mu ci da ɗan infoma."

Abin da ya sa kuwa, an zargi Babanmu da kai wa 'yan bindiga labari. Wata safiya aka tafi da shi, bai dawo ba, sunan kuma ya biyo mu har Tsafe. Wallahi ban san gaskiyar maganar ba har yau. Abin da na sani, ko langa za a yi ba mai ɗaukata a ɓangarensa, in ƙwallo ta faɗo gabana sai a jira ta gangara ta wuce.

Mai kula da sansanin tsohon hedimasta ne, Malam Garba, siriri, mai faɗa kamar me, ga ciwon suga da ke sa hannunsa rawa in ya jinkirta cin abinci. Ranar bai tsawata wa kowa ba. Kwanonsa ya ɗauko ya zauna gindin darbejiya, ya ce, "Basiru, taho. Ni ban iya ci ni kaɗai." Tun daga nan kullum tare muke ci, na riƙe gefen kwano da hagu, shi kuma ya bar mini lomar ƙarshe. Yakan tambaye ni yadda muke huɗar dawa a garinmu, ya yi ta musu da ni da gangan har sai na fusata na buɗe baki. Na ji daɗin hakan, amma da an wanke hannu kaɗaicina yake dawowa.

A gida kuma yayana Lawali ya fara dawowa bisa babur ɗin da ba mu san mai shi ba. Shekararsa goma sha shida, zuciyarsa ta cika fal. Yakan ce, "Tunda sun ce mu na daji ne, to mu tafi inda ake son mu." Kai, maganar ta shige ni! Muka yanke ranar Laraba bayan azahar zai jira ni gindin tsamiyar bayan gari.

Ranar ban je sansani ba. Na ɓoye a gonar wani har rana ta karkata, sannan na kama hanya. Hanyar ta bayan makaranta ta bi, ga wata tsaga a katanga, na ce bari in leƙa sau ɗaya. Kowa ya ci ya watse, ana ta ƙwallo. Malam Garba na zaune gindin darbejiya, kwano a gabansa rufe da faifai, ya danne hannunsa da gwiwa don rawar da yake yi. Haushi ya kama ni, na ce wannan wane irin tsoho ne mai taurin kai? Na tsallaka don in ce masa ya ci abinsa. Bai tambaye ni inda na tsaya ba, cewa kawai ya yi, "Wanke hannu, ta huce." Ya dinga ci a hankali yana jan zancen huɗa, ni kuma kunya ta hana ni tsame hannu kafin babba. Muna nan aka kira la'asar. Da na isa tsamiya, sawun taya kaɗai na tarar.

Yau ina koyarwa a Gusau, duk hutun damina kuma nakan je Bungudu in taimaka a irin wannan sansani. Yanzu kowane yaro da robarsa da cokalinsa, an fi tsabta, amma sai ka sa ido sosai kafin ka gane wanda ba a ci da shi. Malam Garba ya rasu ban tambaye shi ko ya san da zancen tsamiya ba, Allah ya jiƙansa. Inna har gobe takan ɗaga kai in babur ya tsaya a ƙofar gida. Ni ban fi Lawali hankali ba, ban fi shi tsoron Allah ba. Shi dai ba wanda ya rufe kwano ya jira shi.