Shekarar da Kawu Bai Yi Binne Ba

Har yau in na ji an ce "haɗin gwiwa" a rediyo sai raina ya ɓaci. Matata ta san halina. Da zarar mai labarai ya fara cewa wata jami'ar waje ta rattaba hannu da wata tamu, sai ta miƙa hannu ta rage murya, don ta san yanzu zan fara. To bari in faɗi dalilin, ko na samu sauƙi.

Ina koyar da aikin gona a wata kwaleji a nan Gumel. Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye gaba da Ɗanzomo kaɗan. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin an auno hatsi daga kasuwa an kai gidansa ba. Gero daga rumbunsa yake fitowa, sabo ya zo ya tarar da na bara. Da kaka, in an gama ɗaure, shi da kansa yake ware dammunan zakka, a ɗora a amalanke a bi gidajen marasa hali. Na sha raka shi, har na haddace addu'ar da ake yi masa a ƙofar kowane gida: Allah ya mayar da alheri, Allah ya ƙara wa gona albarka, Allah kada ya nuna maka ranar rashi.

Wata shekara da rani aka tara mu a ofishin shugaban kwaleji aka ce arziki ya samu. Wai wata jami'a ta ƙasar Turai ta haɗa kai da wata babbar jami'a ta ƙasar nan, wata hukumar waje kuma ta ɗauki nauyi. Za su yi bincike a kan irin gero mai jure fari, su kuma horar da malamai irinmu. Kwalejinmu ita ce auta a tafiyar. Namu shi ne nuna hanya, da tafinta, da cika kujeru a taro. Aka fara da taron bita a wani otal a Kano, aka ci kaji, aka raba jakunkuna masu tambari, aka yi ta tafi. Gaskiya ni ma na yi murna, don fari ba baƙonmu ba ne.

Bayan nan suka zo neman gonar gwaji. Mutum biyu ne a gaba: wani Farfesa daga babbar jami'ar, Bahaushe ne kamarmu, da wata Baturiya mai fara'a wadda ta koyo "sannu da aiki" ta riƙa rabawa har ga jakuna. Mai gari ne ya nuna musu Kawu, saboda shi ne manomin da garin ke alfahari da shi. Su kuma gonar ta yi musu saboda tana bakin hanya, mota za ta iya tsayawa a gefenta. Ita ce babbar gonarsa, wadda ke ciyar da gidan. Ɗayar 'yar ƙarama ce a bayan gari, ta wake da kuɓewa.

Kawu ya sa aka dama fura, aka yanka zakara. A zaurensa, gaban mai gari da liman, Farfesa ya faɗi sharaɗin. Su za su kawo iri da taki kafin ruwan farko, duk abin da aka girbe kuma na Kawu ne. Amma kada a jefa ko ƙwaya ɗaya ta wani iri a gonar, don in iri ya gauraya bincike ya lalace.

Kawu ya ce, "Na ɗauka. Gonar nan taku ce bana, ba mai taɓa ta sai kun zo."

Washegari aka kafa wani ƙaton allon ƙarfe a bakin gonar, da tutocin ƙasashe da rubutun Turanci reras. Allon dai bai makara ba.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane abin da Kawu ya ɗauka wa kansa ba. Daminarmu gajera ce, ba ta jiran kowa. Shi ya sa muke binne. Tun ƙasa na busasshiya, da an ga hadari ya fara kai-kawo a gabas, sai a ɗauki sungumi a sare rairayi a zuba iri a rufe, don ruwan farko ya tarar da shi a ƙasa. Kawu kuwa a garin nan shi ake kallo. In aka ga ya fita da sungumi, kowa sai ya ɗauko nasa. A shekarar nan mutane suka yi ta kallonsa, suka gaji, suka fita ba shi.

Ruwan farko ya sauka. Na kira Farfesa, ya ce kuɗin bai sauko ba tukuna, amma mako mai zuwa in sha Allahu. Shuka ta tsiro ko'ina, aka shiga noman firi, wato noman farko. Na sake kira, ya ce mako mai zuwa. Da na matsa masa, sai ya faɗa min gaskiyar. Kuɗin yana can jami'ar Turai, jami'in da zai sa hannu a sake shi ya tafi hutu. Ba shi kaɗai ba, kusan ofishin gaba ɗaya. Wai lokacin ne rana ke fitowa a ƙasarsu, kowa ya kwashi iyalinsa ya tafi bakin teku shan iska.

Ka ji fa! Mutanen da suka ƙetaro duniya don su koya mana yadda gero zai tsere wa fari, ashe hutunsu na shekara daidai yake da daminarmu. A duk takardun da aka karanta mana a otal, da duk masu digiri da suka zauna a ɗakin nan, ba wanda ya tsaya ya tambayi watan da ake shuka a Sule Tankarkar, ƙaramar hukumar su Kawu. Wallahi ranar da na ji haka sai da na tsayar da babur a gefen titi don takaici.

Ban zame ko'ina ba sai ƙauyen. Na tarar da Kawu a bakin gonar yana zaune a inuwar allon nan. Dama da hagu geron maƙwabta ya kai gwiwa, kore shar. Tasa kuwa ciyawa ce, ita ma yana bi yana sharewa don kada baƙi su zo su ga ƙazanta.

Na ce, "Kawu, don girman Allah ka ɗauko irinka ka shuka. Mutanen nan ba za su zo yanzu ba."

Ya ce, "Sun ce maka sun fasa?"

"Ba su ce ba."

"To da wane bakin zan shuka? A gaban liman na faɗa. Sun ci abincina."

Na ce, "Su suna can suna wanka a teku, kai kana nan kana gadin allo! Me mutanen gidan nan za su ci?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malamin gona, rage murya, a gonata kake." Haka yake kirana in yana son ya tuna min shi ya koya min riƙon hauya. Sannan ya ce, "In sun sake ni, gobe da asuba zan shuka. Je ka ka faɗa musu."

A nan ne abin da ba zan taɓa yafewa ba ya faru. A gabansa na kira Farfesa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba iri muke nema ba yanzu, ba taki ba. Kalma ɗaya ce. Ka ce wa dattijon nan ya shuka abinsa, ka sauke masa alkawarin." A lokacin akwai sauran dama, da an shuka da an samu ko rabi. Farfesa ya ce ai ba shi da wannan ikon. An riga an aika wa masu ba da kuɗi da hoton gonar da inda take a taswira, in aka ce an sake ta sai an nemi izini daga can, kuma hakan zai iya sa a ce ɓangaren Najeriya ne ya gaza. Ya ce in ba Baba haƙuri, saura ƙiris.

Wato dai sunan jami'arsa yake karewa. Mutumin da da bakinsa ya ce mana shi ma ɗan manomi ne! Ya san abin da rumbu wayam yake nufi, ya sani sarai. Kawu ya ji komai, don na buɗe muryar wayar. Sai ya ɗauki fartanyarsa ya koma sharar ciyawa.

Da kuɗin ya iso ƙasar nan ma bai wuce kai tsaye ba, sai da ya kwanta a babbar jami'ar yana jiran kwamitin sayayya ya zauna. Irin ya iso ƙarshen Agusta, a cikin buhuna masu kyau, lokacin geron mutane ya fid da kai, tsuntsaye har sun fara sauka. Duk da haka Kawu ya shuka, layi-layi yadda suka nuna. Ya tsiro kuwa, tubarkalla, mai yiwuwa iri ne nagari. Ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke. Haka ya tsaya ya bushe, ko zangarniya ɗaya ba a yanka ba, ƙarshenta awaki aka sakar wa.

Da kaka suka dawo da mai ɗaukar hoto. Baturiyar ta tsaya ta kalli gonar, fuskarta ta yi ja, ta ce in gaya wa Kawu ba ta san haka abin ya kai ba, ba wanda ya faɗa mata. Na yarda da ita, amma yardata ba ta cika kwano. Farfesa ya ce haka bincike ya gada, an dai koyi darasi, kuma ba a yi tanadin diyya a cikin shirin ba. Sai mai hoton ya matso, ko kunya babu, ya ce ko Baba zai ɗan tsaya a gaban dammunan can na gonar maƙwabci, ya riƙe zangarniya ya yi murmushi, don rahoton ƙarshen shekara yana buƙatar hoto.

Ni dai ban san lokacin da na fara zazzaga musu faɗa ba. Na yi da Hausa, na juya na yi da Turanci don kada wani ya ce bai ji ba. Sai da mai gari ya riƙe min hannu. Kawu kuwa cewa ya yi, "Geron can ba nawa ba ne. In hoto kuke so, ga tawa nan." Ya je ya tsaya a tsakiyar karan da ya bushe. Ban taɓa ganin hoton nan a ko'ina ba. An dai cire sunana daga masu zuwa taron bita na gaba, kuma na ji an sabunta musu shirin, sun koma wajen Gagarawa.

Ragowar geron bara ya ɗan riƙe gidan, amma kowa ya san ba zai kai ko'ina ba. Na kai abin da zan iya daga kasuwar Gumel, na bi ta hannun Inna, matarsa, don na san shi ba zai karɓa daga hannuna ba.

Wata Juma'a da hantsi ina zaune da shi a ƙofar gida, sai ga amalanke ta shawo kwana, dammuna a kai. Mai gonar da ke jikin ta Kawu ne ke tuƙa ta. Mun ga ta tsaya a gidan wata tsohuwa, ta tsaya a gidan makahon unguwar, to mun san zagayen mene ne. Na ɗauka wucewa za ta yi. Sai ta tsaya a gabanmu.

Mutumin ya sauko, ya durƙusa ya gaishe da Kawu, kansa a ƙasa. Ya sauke dami ya jingine a bango, ya ce, "Baba, ɗan ɗanɗano ne, a yi wa yara fura."

Na yunƙura zan ce a mayar. Kawu ya dafa min gwiwa. Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya kai hannu biyu ya taɓa damin. Sannan ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Allah ya ƙara wa gona albarka."

Ya tsaya a nan. Ni na san abin da ya saura, shi ma mai amalanken ya sani. Da ƙyar ya ƙarasa.

"Allah kada ya nuna maka ranar rashi."