Takalmin da Na Kai Bugu

Shekara bakwai ina tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, kuma ban taɓa sa takalmi a fili ba. Da safe ina marina a Ƙofar Mata tare da mahaifina, bayan la'asar ina wajen ƙwallo. Tafin ƙafata ya yi kanta har abokai na tsokanata, wai ƙaya ce ke tsorona. Ba yabon kai ba, da wuya ɗan gaba ya wuce ni sau biyu a wasa ɗaya.

Sai aka ce za a zaɓi waɗanda za su je Ikko su buga da sunan gari. Wasan gwaji ɗaya tak za a yi, kuma Baturen da ke zaɓen ya ce sai da takalmi. Na je Sabon Gari na sayo nawa, fatarsa tauri kamar busasshiyar ganda.

To mu marina, in abu ya yi tauri, bugu muke kai shi. Na ɗauka na kai wa wani dattijo mai bugun tufafi. Ya jujjuya shi, ya ce, "Ɗana, wannan ai ba riga ba ce."

Na ce, "Baba, a dai taimaka a lallasa mini shi."

Ya ɗora a kan gungume ya yi ta dukansa, ya kuwa yi laushi. Ashe haƙoran da ke ƙasan takalmin da ƙusoshi aka kafe su, dukan ya turo tsininsu ciki. Da na gwada a gida ban ji komai ba, saboda kantar ƙafa.

Ana fara gudu ranar gwajin ƙusoshin suka huda ni. Duk taku ɗaya sai na ji shi har ƙwaƙwalwa. Cirewa ba dama, doka ce. Faɗa kuma kunya ta hana, don na san har in mutu za a riƙa kirana baƙauyen da ya kai takalmi bugu. Wani ɗan gaba da na saba ƙwace wa ƙwallo ina dariya ya wuce ni sau uku. Bayan an tashi, Baturen ya ce ta bakin tafinta, "Yana da ƙarfi, amma ba shi da gudu."

Ni! Wallahi maganar nan har yau tana ci mini rai. Na laɓe bayan wata katanga na zubar da jinin da ya taru a takalmin.

Diddigena ya ruɓe, da ya warke kuma bai koma daidai ba. Sai ƙungiya ta mai da ni mai horarwa. Na horar da masu tsaron baya da dama, biyu ma sun je Ikko. Kafin kowane wasa sai na zura hannu cikin takalmin kowa na shafa. Suna yi mini dariya, suna cewa Malam yana laluben laya. Ina ji, sai in ɗauko takalmi na gaba in zura hannu.