Wuƙar Layyar da Ta Kulle Mini Baki

Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na cewa ko na yi kuɗi ne na guje ku. Ina fa! Asibiti nake kwance.

Ni malamin firamare ne a Gummi, kaf zuriyarmu babu maƙeri. Karambani ya sa na yi odar ɗan akwatin kayan koyon haɗa wuƙa daga Kano: ruwan wuƙa, katakon mariƙi, ƙusoshi da magagari. Burina in yanka ragon layya da wuƙar da na haɗa da hannuna.

Ina cikin gugar bakinta a tsakar gida, kusa da turken awaki, ta zame ta tsaga mini babban yatsa, ta faɗi ƙasa. Maƙwabcina bakanike ya ɗiga mini man birki, na ɗaure da tsumma, na ci gaba da aikina.

Kwana takwas bayan haka aka kawo tuwo, bakina ya ƙi buɗuwa. Matata Hadiza har dariya ta yi, ta ɗauka wasa nake.

Washegari wuyana ya sandare.

Inna na ganina ta ce, “Ai ga ta nan! Ka taɓa ƙarfe ba ka nemi izinin maƙera ba.” Kwana biyu ana yi mini hayaƙi, sannan aka ɗauke ni zuwa wajen wani tsohon maƙeri a ba shi haƙuri.

Tsohon ya kwance tsumman, ya dubi yatsan, ya dube ni. Ya ce wa Inna, “Hajiya, wanga ba namu na ba. Ku kai shi asibiti yanzu-yanzu.”

A asibitin Gummi likita ya ce tatanas ne, ciwon sarƙe haƙora da ya shiga ta yankan, ya tura mu Sakkwato. Duk ramin da motar ta faɗa sai jikina ya ƙage, bayana ya lanƙwashe kamar baka.

Ɗaki mai duhu aka sa ni, ba a yarda ko takalmi ya yi ƙara ba. Faɗuwar cokali kaɗai ta isa ta tayar da abin. Aka zura mini roba ta hanci, ta nan kunu ke wucewa. Allura kuwa har na daina jin shigarta.

Abin da ba a gaya muku game da ciwon nan shi ne hankalinka garau yake. Ina ji likita ya ce wa Hadiza, “Idan ya kama numfashinsa, sai dai addu'a.” Wallahi na ji tsoro. Ina son in yi kalmar shahada, haƙorana sun ƙi rabuwa.

A mako na huɗu bakin ya buɗe, iya shigar yatsa ɗaya. Inna ta yi maza ta miƙo kunu. Na kau da kai, sai da na yi shahada a fili tukun. Ta ajiye kofin ta fashe da kuka.

Alhamdu lillahi. Likitoci da ma'aikatan jinya, Hadiza, Inna, da tsohon da ya faɗi gaskiya, Allah ya saka muku da aljanna.

Don Allah, duk wanda ƙarfe ya yanka, ya wanke da ruwa da sabulu, ya je a yi masa allurar tatanas a ranar. Ban da man birki, ban da toka.

Akwai wani manomi daga Bukkuyum da aka kawo ɗakin da ke kusa da nawa, fartanya ce ta sare shi. Ku sa shi a addu'a, shi bakinsa bai buɗe ba.