Baba Obadiah da Akuyar da Ta Yi Wata Bakwai da Ciki

Kafin masu ƙosai su hura wuta a Kafanchan, Baba Obadiah Kumai ya riga ya fito da kekensa, wanda ya girmi yawancin 'yan acaɓan garin. Buhu a ɗaure a baya, sanda mai ƙusa a hannu. Wanda bai san shi ba zai ce mai shara ne, kuma mai sharar ma malalaci, don yakan tsallake leda goma ya soki ɗaya. Wadda yake nema ita ce mai maiƙo da gishiri: ledar alale, ta ƙosai, ta miya. Ya ce akuya ba wawuya ba ce, ƙanshin girkinmu take bi ta haɗiye ajalinta.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana mataimakin likitan dabbobi. Ya yi ritaya tuntuni, amma awaki ba su samu labari ba, har daga Kachia da Kagarko ake kawo masa su. A rumfar bayan gidansa akwai igiya da ya jera wasu busassun dunƙule baƙaƙe, kowanne leda ce da ya ciro daga tumbin dabba. Matan unguwa na tsokanarsa wai dattijon coci da kayan tsafi. Mahautan garin kuwa sun shaida sau nawa ya hana a yanka dabbar da mai ita ya fid da rai, ya farke ta ya ɗinke, ta tashi ta ci ciyawa.

A watan nan ya ajiye wuƙa, ido ya yi rauni, hannu ya soma rawa. Shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba, musamman a kan aikinsa na ƙarshe, wanda ba akuya kaɗai ya ceta ba.

Zumuntar Mata ta cocin unguwarsu tana da wata al'ada. Akan ba gwauruwa akuya ta yi kiwo, in ta haihu ta miƙa 'yar ga wata gwauruwar. Bara akuyar tana hannun Miriyam, mai sayar da alale a ƙofar gida. Cikin akuyar ya fito, aka yi murna. Wata biyar ya cika, shiru. Na shida ya wuce, na bakwai ya kama, ciki na ƙara girma, ƙashin baya na fitowa. Sai aka tuna cewa akuyar ta taɓa cinye ugu, ganyen miyar maƙwabciya, Roseline, wadda ake kira Maman Kevin, kuma cikin fushi Roseline ta ce wa Miriyam, "Za ki gani." Baki shi ke yanka wuya. Kafin mako ya zagayo, unguwa ta gama yanke hukunci cewa Roseline ce ta ɗaure cikin akuyar. Mata suka daina zama kusa da ita a sujada. Kwamitin zumunta ya sa ranar Asabar don a karɓe mata zanin zumunta.

Ranar Laraba Roseline ta sami Baba Obadiah a rumfarsa. Ba ta zauna ba.

"Baba, a garin nan aka haife ni. Babana direban jirgin ƙasa ne, kabarinshi yana nan. Shekara ashirin ina buga tulu a waƙar zumunta. Yau ni ne mayya? Sabida ganye?"

Ya ɗauki hularsa suka nufi gidan Miriyam. Ya durƙusa, ya danna cikin akuyar ta gefen hagu, ya ji abu mai tauri kamar curin tuwon jiya. Ya san wannan curin, ya taɓa shi ya fi a ƙirga.

"Baba, an ɗaure shi ne," in ji Miriyam tana hararar Roseline. "Wata bakwai, ya ƙi haifuwa."

"'Yata, ba ɗa a cikin nan. Leda ne."

Faɗa ba wuya, amma ya san unguwarsa. In aka yanka akuyar, an kashe ta ke nan, kuma laifin yana wuyan Roseline. In ya farke ta ta mutu a hannunsa, za a ce maitar ce ta ƙarasa aikinta. Sai dai akuyar ta tashi da ƙafarta a gaban jama'a. Ga shi ta rame, ga shi ya kusa shekara bai riƙe wuƙa ba. Tsoro ya ji, shi da kansa ya faɗa daga baya. Duk da haka ya ce kada a ba ta abinci har jibi, kuma a kira masa Uwar Zumunta, Mama Joanna, da duk matar da ta taɓa sa baki a maganar.

Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da rana ke taimakon idonsa, aka shimfiɗa buhu a gindin mangwaro. Mata sun fi talatin, har da waɗanda ba a gayyata ba. Roseline na tsaye can gefe ita kaɗai. Baba ya aske gefen akuyar, ya yi mata allurar kashe zafi, ya ce, "Ubangiji, ka riƙe hannun nan." Ya tsaga fata, ya buɗe tumbi, ya zura hannu. Abin da ya jawo sai da ya sa wasu suka toshe hanci suka ja da baya: baƙin dunƙule, murɗaɗɗe, ya kai girman kan yaro. Ya jefa a daro.

"Yesu!" wata ta ce daga baya. "Jifa ne! Ta yaya leda zai shiga cikin dabba haka in ba turo shi aka yi ba?"

Abin da ya ji tsoro ke nan. Bai ɗaga kai ba, don rai ne a hannunsa. Ya ɗinke tumbi, ya ɗinke nama, ya ɗinke fata, zare na kuɓuce masa yana sake kamawa, gunaguni na ƙaruwa a bayansa. Da ya gama sai ya sa aka zuba ruwa a daron, ya zauna yana warware dunƙulen ɗaya bayan ɗaya yana shanyawa a ƙasa. Ƙananan ledoji ne, an ɓula gindinsu da haƙori, bakin kowace a ƙulle. Da yawa a cikinsu an ƙulle su da jan zaren saƙa.

"Mama Joanna," ya ce, "a unguwar nan wa ke ɗaure alale da jan zare?"

Ba wanda bai sani ba. Jan zare shi ne alamar alalen Miriyam mai ƙwai. Masu saye kan ci a tsaye su yar da ledar a ƙofarta, daidai turken akuyar. Miriyam ta tsuguna ta ɗauki guda, ta juya ta, ta ga ƙullin hannunta. Ana cikin haka akuyar ta yunƙura, ta dafa gwiwa, ta miƙe tana tangaɗi, ta yi wani siririn kuka. Baba Obadiah ya sauke numfashi.

Miriyam ta rarrafa ta kama ƙafar Roseline. "Maman Kevin, ki yafe mani. Ni ne na kusa kashe shi da hannuna ban sani ba."

Roseline ta zare ƙafarta ta tafi gida. Mata suka yi cirko-cirko, kunya ta hana kowa motsi. Can sai ga ta ta dawo rungume da ganyen ugu, shi dai ganyen da aka yi faɗan a kansa. Ta ajiye a gaban Baba ta ce, "Yaushe zai iya ci?"

Yanzu da ake ta muhawara a rediyo da majalisun shayi kan ko a hana leda ko a bar ta, mun tambaye shi. Ya ce shi dai da za a hana siririyar nan ta ƙulla abinci da ya yi barci mai daɗi, amma kada a hana mai alale ba a nuna mata ganye ko gwangwani ba. Ya ce kafin doka ta iso Kafanchan, hannun da ya yar shi ya kamata ya tsince.

Baba Obadiah, kai ne ka sa hannu inda kowa ke toshe hanci. Kai ne ka ƙi musu da baki, ka shanya mana gaskiya a ƙasa muka gani da idonmu. Likitan da ba a rubuta masa likita a takarda ba, mun gode. Ubangiji ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka ci hutunka lafiya. Mu kuma da muka rage, tun da wuƙar ta koma kube, kowa ya ci alale ya riƙe ledarsa har ya ga kwandon shara, kuma ya riƙe bakinsa har ya ga hujja.

Kwamiti bai zauna ran Asabar ba. Ran Lahadi Roseline na sahun gaba da zanin zumuntarta, tulu a cinya. Baba yana bencin dattawa, idonsa bai kai ya gan ta ba, amma da aka ɗauki waƙa ya gane bugun hannunta, ya sunkuyar da kai yana share hawaye da hularsa.