Maigida Shina Ciki

A garinmu Yelwa, rana ta mata ce. Da zarar maza sun karya kumallo sun fita, wani kasuwa, wani ofis, wani bakin ruwa, sai gidaje su buɗe wa juna. Haka na taso na gani a gidan Inna, haka kuma na yi shekarun farko na aurena. Tsakar gidana ba ta rabuwa da mutane, domin ina da inuwar darbejiya, ina kuma da turmin da Inna ta ba ni, wanda unguwa ta yarda babu mai daɗin daka kamarsa. Yana da ɗan tsagu a baki, shi ya sa ƙararsa take fita da wani amo nata na daban.

Gwaggo mai kitso, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu, ita ke fara shigowa da kibiyarta a soke cikin ɗankwali. Ranar kasuwa kuwa akwai wata mai kifi da ke zuwa daga wajen Wara. Takan sauke kwandon bandarta, ta yar da mayafi, ta miƙe kan tabarma tana ba mu labarin yadda jirgi ya yi ta rawa da su a kan ruwa. A nan ake surfe, a nan ake tsince shinkafar Shanga, a nan nake jin wadda ta haihu da wanda ke kwance.

Sai Allah ya ba maigida aikin da ake yi daga gida. Kamfanin yana can Kudu, shi kuwa yana ɗakin da ke kallon tsakar gida, da kwamfutarsa da abin da yake maƙalawa a kunne. Na yi sujadar godiya. Mata suka yi ta yi mini barka.

"Ke kam kin huta," in ji Gwaggo. "Ga miji ga albashi, babu mai fita rana."

Ba a daɗe ba na lura sallamarta ta sauya. Da can tun daga zaure take ɗaga murya tana tsokanata. Yanzu sai ta tsaya bakin ƙofa, ta leƙo da kai, ta ce a hankali, "Shina ciki?" In na ce e, sai ta ce, "To a gaishe shi, dama wucewa nika yi." Ina za ta wuce, gidana ne ƙarshen lungu? Mai kifi ma ta koma miƙo mini bandar daga zaure, mayafinta a naɗe har haɓa.

Daka ma ta tsaya. Wani hantsi ina cikin kirɓa fura ya fito da sauri, abin kunnen na lilo a wuyansa.

"Don Allah ki dakata, muna mitin. Sun ce ko gini ake yi a gidanmu."

Bai yi faɗa ba, shi ba mafaɗaci ba ne. Amma mitin ɗin nan ba ya da lokaci. Na koma kai gero inji, na koyi ajiye murfin tukunya kamar mai ajiye ƙwai. Turmin na kifa shi a gindin darbejiya, kaji suka mai da shi wurin hawa.

Shi ma ba daɗi yake ji ba, kada in ci amanarsa. Ga madatsar Kainji a kusa da mu, amma wuta sai ta ga dama. Sabis ya ɗauke masa ana tsakar magana, in gan shi ya ɗaga waya sama yana zagaya tsakar gida kamar mai neman jinjirin wata. Rannan muna cin tuwo ya ce mini akwai wani ɗan ƙaramin gari a gefen Abuja, na masu hali, inda abokinsa yake zaune. Wuta ba ta ƙiftawa, sabis kamar ruwan tafki. Gidajen benaye ne, zai yi ofis a sama, ƙasa duka tawa.

"Ba zan ɗauke ki dole ba," ya ce. "Mu je ki gani, ki yi istihara, abin da kika ce shi za a yi."

Da ma umarni ya ba ni, da na bi na huta. Sai ya ɗora mini a ka.

Muka je muka yi kwanaki a gidan abokin. Gaskiya wurin ya yi kyau. Titi fes, furanni a bakin kowace ƙofa, ruwa na zuwa a famfo da ƙarfinsa. Matar gidan ta karɓe ni hannu bibbiyu. Da hantsi, da mazan suka hau sama, na zauna ina jiran in ji sallama. Ba abin da na ji sai ƙugin firji.

Na ce, "Yaya, maƙwabtanki ba sa shigowa ne?"

Ta yi dariya. "Sai an yi waya, ƙanwata. Nan kowa da mai gadinsa."

Ta nuna mini gidan da ke jikin nasu ta taga. Ta ce tsohuwar gidan ta rasu bara, ita kuwa ba ta ji ba sai a waya, bayan an dawo daga maƙabarta. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin tsadar albasa. Ni kuwa na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Katanga ɗaya, a wanke mutum a fita da shi, ba ka kai ko bokitin ruwa ba? Na yi wa tsohuwar addu'a a zuciyata, ban san ko sunanta ba.

A hanyar dawowa yana ta lissafa mini alherin wurin, ni ina kallon gonaki. Sai da muka hango ruwa yana walƙiya, da kwale-kwalen masunta baƙi-baƙi a kansa, na samu bakin magana. Na gaya masa abin da ban taɓa faɗa ba, cewa tun da ya fara aikin nan gidana ya mutu da rana.

Ya yi mamaki ƙwarai. "To ni na hana wani shigowa?"

Washegari, ban sani ba, ashe ya tare Gwaggo a ƙofa ya roƙe ta su riƙa zuwa kamar da. Ita ta ba ni labari ta kan katanga.

"Na ce mai, Alhaji, gidan da namiji ya wuni ciki ai masallaci na, sai a shiga da natsuwa a hito."

Duk da haka sun zo, don kada a ce sun ƙi maganarsa. Suka jeru kan tabarma da hijabansu, ƙafafu a lanƙwashe, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu zaman makoki. Ya buɗe ƙofa zai yi alwala, duk suka sunkuyar da kai suka shiga gaishe shi. Ko ruwan da na kawo ba su shanye ba suka tashi. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da gidan wata ne, haka zan yi.

Na yi istihara, na sake yi. Zuciyata ba ta karkata ko'ina ba. In na ce mu zauna, na tsare bawan Allah a inda aikinsa ke wahala, kuma gidan dai shiru ne. In na ce mu tafi, can ƙasan bene duka nawa ne, in yi daka har hannuna ya gaji, amma wa zai ji ya leƙo? Na kai wa Inna kukana, ta ce, "Ɗiyata, mace ba ta ƙin arzikin mijinta." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma wa za ya rufe min ido?" Ita ma ta bar ni a inda ta same ni.

Kwanan baya Gwaggo ta ce turminta ya fashe. Na kakkaɓe nawa na wanke, muka mirgina shi zuwa gidanta.

"Kyauta ko aro?" ta tambaya, tana kallona a ido. Ta san abin da take tambaya.

Na ce, "Aro ne, Gwaggo."

Yanzu can matan suke taruwa. Kullum da hantsi ina zaune gindin darbejiya ina tsince shinkafa ni kaɗai, sai in ji an fara. Ko cikin turame goma na san muryar nawa, da ɗan amon nan na tsagu. Ina jin lugude, ina jin mai kifi ta kwashe da dariya, wani lokaci har in tsinci rabin labari in ƙarasa sauran da kaina. Taku kaɗan ne tsakanina da su, amma ba na barin gida maigida na ciki, ko zai nemi shayi ko abinci.

Jiya ya leƙo ta taga, abin kunnen a hannunsa.

"Abokina ya ce gidan kusa da su an tashi, kada wani ya riga mu. Kin yanke shawara?"

Na ce, "Ina dai roƙon Allah zaɓi."

Ya gyaɗa kai, ya ja tagar ya rufe saboda ƙarar dakan. Ni kuwa na janyo tabarmata na matsa jikin katanga.