Ba Ya Ji

Sanƙarau ne ya tafi da kunnuwan yayana yana ɗan shekara bakwai. Magana kam yana yi, sai dai da ƙarfi, kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi. A gidanmu ba a cewa kurma. Inna ta hana, wanda ya kuskura ya faɗa sai ya sha ludayi a ka. "Ba ya ji" ake cewa, da haka muka tashi har muka yi gemu.

Shekarar da aka yi shelar gwamnati za ta fifita lafiya da masu buƙata ta musamman, na ɗauko shi a babur daga ƙauyenmu zuwa Birnin Gwari. Layi har bakin titi. An raba kekunan guragu, an ba makafi sanduna, madalla. Da aka zo kanmu, ma'aikaciyar ta rubuta sunansa cikin mutunci, ta ce na'urar kunne tana zagaye na biyu, kuma sai an yi masa awo a Kaduna. Na ce, "Hajiya, a ƙasar nan fa kunne shi ne ƙafa. Wanda ya ji ƙarar babura shi ke tsira." Ta ce ta sani, wallahi ta sani. Ni da ake yi wa kirarin saurin baki, ranar na rasa da wa zan yi faɗa. Hanyar Kaduna kuwa a lokacin sai ka yi wasiyya kafin ka hau ta. Muka ce a jira.

Da damina muna maimai a gonar masararmu ta bakin daji. Ƙa'idarmu ita ce kada in yi nisa da shi, in na ji motsi in jefe shi da dunƙulen ƙasa. Ranar ƙishirwa ta kai ni gindin kaɗanya, shi yana can tsakiyar kunya ya ba ni baya.

Babura uku suka ɓullo daga dajin. Ban ma ajiye gorar ruwa ba bakin bindiga ya iso ƙirjina. Aka ce in kwanta, na kwanta. Wani dogo da ya rufe fuska da rawani ya daka wa Yaya tsawa: "Kai! Ajiye fartanyar nan!" Yaya na ta nomansa. Dogon ya sake daka tsawar. Yaya na noma, har da ɗan gunguninsa.

Na ce, "Don girman Allah, ba ya ji!"

Dogon ya juyo ya dube ni. "Au, ba ya ji? Taurin kai gare shi ke nan. To yau zai ji." Ya ɗaga bindiga.

Innalillahi! Sai a sannan na gane abin da bakina ya faɗa. Na kurma ihu, "Kurma ne! Wallahi tallahi kurma ne!"

Ya ce, "In ƙarya kake, ku biyu zan haɗa." Ya ɗan matsa ta bayan Yaya, ya harba sama. Tsuntsaye suka watse. Ina kwance da ƙasa a bakina, ina roƙon Allah abin da ban taɓa roƙo ba tun muna yara: ya Allah kada ya ji, ya Allah kada ya waiwayo. Fartanya ta tashi, ta sauka, ta sake tashi.

Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya zare wayata daga aljihu, suka hau baburansu suka nausa daji.

Sai da Yaya ya kai ƙarshen kunya ya juyo. Ya hango ni a kwance, wandona sharkaf. Ya rugo da gudu.

"Mene ne? Maciji?"

Na gyaɗa kai.

Ya ɗaga fartanya ya shiga bubbuga ciyawar da ke kewaye da ni, yana faɗa da muryar nan tasa da ta cika daji: "Kada ka ji tsoro, ƙanena. Ai ina nan."